Muryar Ummata a Sashen Makafi

Shafi na 14

Na karanta saƙonninku duka. Masu cewa aljani ne, masu cewa in nemi magani, da baiwar Allahn nan da ta rubuta wai boko ne ya taɓa mini kai. Na gode. Ni dai na san abin da kunnena ya ji a wurin aikina: muryar mahaifiyata, wadda aka ce mini ta rasu tun ina firamare, tana fitowa daga cikin kaset. Wanda bai yarda ba, ban riƙe masa riga ba. Mu ci gaba.

*

Washegari ni na buɗe laburaren. Ko mai shara bai iso ba.

Na wuce ɗakin yara, ƙananan kujerunsu a kife kan tebura. Na wuce ɗakin koyon kwamfuta. Sashen makafi shi ne na ƙarshe, ɗaki mai taga ɗaya, kullum da ɗan sanyi da warin tsohuwar roba.

Ga wanda ya manta yadda aikin yake: akwai masu sa kai a cikin gari, suna karanta littattafai a gidajensu suna naɗa a kaset, mu kuma mu ba makafi aro, ko su zauna a nan su saurara. Har yau kaset muke amfani da shi, domin tsofaffinmu sun ce maɓallan rikoda manya ne, hannu yana gane su. Nawa aikin, kafin kaset ya tafi wurin mai karatu, in naɗi muryata a farkonsa, in faɗi sunan littafi da babi. Daga inda na tsaya mai karatu yake ɗorawa. Idan ya dawo in jera shi a kanta. Ban taɓa zama na saurari ko ɗaya ba. Da wayar kunnen Baba Tela, ɗaya daga cikin masu sauraronmu, ba ta zare jiya ba, sautin ya cika ɗakin, da har yau ina cikin duhu.

Kwana na yi ina rarrashin kaina da magana ɗaya: tsohon kaset ne. Umma ta naɗa shi kafin ta rasu, ya yi ta zama a kanta shekara da shekaru. Abin kuka ne, amma ba abin tsoro ba.

Kaset ɗin yana nan cikin rikodar inda muka bar shi. Na tsaya a kansa, hannuna ya ƙi miƙewa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Sandar Baba Tela ce a kan siminti. Tsoho ne da ya yi ɗinki har idonsa ya tafi, kuma kullum shi ne na farko a sashenmu.

"Jikanya, ke ce kika tsaya kamar an kafa ki?"

"Ina kwana, Baba."

"Ni na kwana. Ke ce dai ba ki kwana ba. Jiya kin fita da gudu kin bar ni ina lalube, na ce shi ke nan, yarinyar nan ta samu saurayi mai ido."

Ban yi dariya ba. Na ja masa kujera ya zauna.

"Baba, matar nan da kake saurare jiya. Wace ce?"

"Wa? Bari-mu-juya?"

Na matso kusa da shi.

"Me ka ce?"

"Sunan da muka sa mata ke nan. Tun da kun hana mu sanin sunayensu, ai sai mu raɗa musu namu. Akwai Mai Tari, akwai Jirgin Ƙasa, wanda ba ya tsayawa ko a aya. Ita kuwa duk lokacin da za ta buɗe sabon shafi sai ta ce a hankali, 'Bari mu juya.' Kamar da yaro take magana."

Da yaro take magana. Ni ce yaron. Haka take cewa in tana karanta mini littafin makaranta, ina kwance a cinyarta ina wasa da zoben hannunta.

"Tsohon kaset ne ko, Baba?" na ce. "Irin waɗanda suka daɗe a nan."

"Ni ina na sani? Ke ce mai ido. Mayar da shi farko mana."

Na danna. Kaset ya yi ta gudu da baya, ya tsaya da ƙara. Na sake dannawa.

"Laburaren jama'a, sashen makafi. Littafin kiwon kaji a gida, babi na shida. A yi sauraro lafiya."

Muryata.

Ni ce. Da bakina na faɗa, a ɗakin nan, a kan kujerar nan, cikin watan jiya.

Sai shiru. Shiru mai tsawo, amma ba na banza ba, domin akwai numfashi a cikinsa. Wani yana shaƙa yana saki a hankali, kamar mai tsoron kada a ji shi.

Sannan ta fara.

"Idan kaza ta daina cin abinci, a duba idonta..."

Na zame na zauna a ƙasa. Muryar ta ɗan shaƙe, ta tsufa, amma ita ce. Matacce ba ya tsufa. Matacce ba ya ɗorawa daga inda na tsaya.

Baba ya laluba ya kashe rikodar.

"Jikanya, lafiya?"

"Uwata ce."

Bai ce na haukace ba. Ya daɗe yana shafa kan sandarsa.

"To, zan faɗa miki abin da ya daɗe yana damuna. Wannan shirun, da ba ta yin shi. Zamanin wancan ma'aikacin da kika gada, yana rufe baki take kamawa. Tun da aka fara jin muryarki a farko, sai ta tsaya."

"Baba..."

"Kuma muryarki a nata kaset ɗin ba ta fita tas kamar a na sauran. A dushe take. Wurin ya sha maimaici. Mayar da ke baya take yi, ta ji, ta sake mayarwa, har zaren ya gaji."

Na toshe bakina da mayafi.

Ban yi kuka ba. Ku rubuta ku ajiye, ban yi ba. A gidan Goggona na koyi haɗiye shi. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni bayan an zo an ce Umma ta rasu a asibitin wani gari. Ban ga gawa ba, ban ga kabari ba. Ranar da na tambaya ina aka binne ta, marin da na sha ya bar mini ƙara a kunne. Daga ranar ban sake tambaya ba. Na yi wanke-wanke, na yi reno, na yi karatuna a tsaye a bakin murhu, na fito da digirin da aka ce marainiya ba za ta iya ba. Ba wanda ya ga hawayena a gidan nan, ba kuma rikoda ce za ta fara gani ba.

Na tashi na zare kaset ɗin.

"Ina za ki?"

"Wurin Shugaba."

"Ki bi a hankali. Matar nan ba ta son a ɗaga mata murya."

"Yau za ta saba."

*

Shugabar laburaren tana ofishinta, tabarau a kan hanci, fanka tana juyawa tana kuka a samanta. Ta kusa ajiye aiki, kuma tun kafin a haife ni take ginin nan. Ban yi sallama ba. Na ajiye kaset ɗin a gabanta.

Ta dubi kaset. Ta dube ni.

"Ƙofar ofishina ta ɓace ne, ba ki ga wurin ƙwanƙwasawa ba?"

"Ranki ya daɗe, wace ce take karanta wannan?"

"Kin san doka."

"Na sani."

"To faɗa mini ita, tun da kin fi kowa haddace abu."

"Ba a bayyana mai karatun sa kai. Ba ga mai sauraro ba, ba ga ma'aikaci ba."

"Ma'aikacin da ya bi diddigi fa?"

"A sallame shi."

"Madalla. Ɗauki kaset ɗinki ki mayar kanta. Yau akwai masu zuwa ajin yaƙi da jahilci, kuma ba a shirya musu ɗaki ba."

Ta mayar da kai kan takardunta. Amma biron da ke hannunta bai motsa ba.

"Ba ki tambaye ni dalilin tambayata ba," na ce.

Ta gyara zaman tabaraunta.

"Duk wanda ya zo miki da magana sai kin tambaye shi dalili. Ko sabon kwan fitila aka nema sai kin ce me ya samu tsohon. Ni ba ki tambaye ni ba. Saboda kin sani."

"Yarinya..."

"Ba yarinya ba ce ni. Na yi yarinta na gama ta ba uwa. Tana raye?"

Ta cire tabarau. Ban taɓa ganin idonta ba tabarau ba. Ƙanana ne, a gajiye.

"Rufe ƙofar."

Na rufe.

"Zauna."

"Na fi son tsayuwa."

"Taurin kan nan ma nata ne." Ta furzar da numfashi. "Tana raye."

Na zaci zan faɗi. Ban faɗi ba. Ɗakin ne ya yi nisa, muryarta tana zuwa mini kamar daga ƙasan rijiya.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe take raye? Ai ba ta taɓa mutuwa ba."

"Tun yaushe kika sani!"

"Sassauta muryarki, akwai mutane a zauren karatu. Tun kina 'yar mitsitsiya kina zuwa sauraron labari a ɗakin yara, da ɗan kitsonki a karkace. A lokacin ta fara mana karatu. Ta ce ba za ta iya zama kusa da ke ba, amma za ta iya zama kusa da wurin da kike zuwa."

"Kenan aikin nan ma..."

"A'a. Kada ki ɗora wa kanki wannan. Da kanki kika ci jarrabawar ɗaukar aiki, ba ta ma san kin nema ba. Ranar da kaset na farko mai muryarki ya isa hannunta, ta zo ta same ni. Ta ce ta daina. Ni na roƙe ta. Na ce tsofaffin nan ba su da wata muryar da suke so kamar tata."

"Sai ta yarda."

"Da sharaɗi."

"Wane?"

"Ranar da kika sani, ranar za ta tafi. Ta bar garin. Ba kaset, ba murya, ba komai."

Na yi dariya. Ban san daga ina ta fito ba.

"Wato ku biyu kun zauna kun yanke. Ni in yi ta gaishe ta a farkon kaset ban sani ba, ita ta yi ta jina. Ita tana da 'ya, ni ba ni da uwa."

"Ta ce gara ki riƙe ta a matacciya."

"Saboda me? Me ta yi? Me aka yi mata?"

"Wannan ba nawa ba ne in faɗa."

"Goggona ta sani?"

Ta kawar da kai. Ya ishe ni amsa.

"Ki saurare ni da kyau," ta ce. "Abu biyu ne a gabanki. Ki fita daga ofishin nan kamar ba ki shigo ba. Aikinki yana nan, muryarta tana nan, duk sabon kaset ɗinta ke za ki fara ji, ni ba zan gani ba. Ko kuma ki bi ta, ki rasa aikin, ki rasa muryar, ki sake binne ta. Wannan karon da hannunki."

"Na riga na yi makokinta sau ɗaya, ba wanda ya taya ni. Ba ki da abin tsorata ni da shi."

"Ba tsorata ki nake ba."

"Zan tambayi direban motar littattafai. Shi yake kai wa masu karatu kaset, ya san gidan kowa."

"Bai san nata ba. Ni nake kai mata."

"Dawo da shi fa?"

Idonta ne ya ci amanarta. Ya tafi kan agogon bango, ya dawo, ya leƙa tagar da ke kallon lungun gefen gini.

Sai abin ya faɗo mini.

Akwai akwatin mayar da littattafai a bangon lungun nan. Rami ne mai murfin ƙarfe daga waje, domin masu sauri da waɗanda suka tarar mun rufe. Ta ciki yana buɗewa ne a ɗakin ajiya. Ni nake kwashe shi. Kuma sau da yawa nakan tsinci kaset ɗaya a saman littattafan, an naɗe shi a tsumma mai tsabta, ina mita wane ne wannan da ba ya bin hanyar da kowa yake bi.

Kullum ranar Laraba. Kullum kafin rana ta take.

Yau Laraba.

"Kada ki kuskura," in ji Shugaba.

Na riga na buɗe ƙofa.

*

Na yi tunanin in fita in tsaya a bakin lungun. Amma ta san fuskata, ni ban san tata ta yanzu ba. Daga nesa za ta hango ni ta juya, ta shige cikin masu jiran mota a bakin titi, shi ke nan.

Na shiga ɗakin ajiya. Duhu-duhu ne, tsofaffin jaridu a ɗaure har rufi. Na durƙusa gaban akwatin, na buɗe ƙofarsa ta ciki, na kwashe littattafan da ke ciki na zube a ƙasa. Haske siriri yana shigowa ta gefen murfin.

Na jira.

Na ji takun Shugaba ya tsaya a bayana.

"Tashi daga nan. Ina ba ki umarni."

"Ki rubuta takardar sallamar. Zan zo in karɓa."

"Ba aikin nake ji miki ba, 'yar nan."

Ban waiwaya ba.

Murfin ya yi ƙara. Wani ƙaton littafin lissafi ya faɗo ya bugi gwiwata, na ji namiji yana tafiya yana waya yana dariya.

Na ci gaba da jira. Gwiwoyina suka mutu. Daga zaure ina jin ana jan kujeru, wata tana tambayar ina malamar ajin yaƙi da jahilci. Can ƙarshen gini Baba Tela ya sa wani kaset, muryar Jirgin Ƙasa tana ta gudu ba birki.

Sai na ji taku a lungun.

Ba sauri. Ƙafa ɗaya tana ɗan ja.

Ya tsaya daidai bayan bangon. Tsakanina da mai takun bai wuce kaurin bulo ba. Na ji numfashin. Shi ne na cikin kaset.

Murfin ya ɗaga a hankali, ba ƙara.

Ba ta jefo shi ba. Wanda ya san kaset ba ya jefa shi. Hannu ne ya shigo, har wuyansa, riƙe da ɗan ƙunshin tsumma, yana neman saman littattafan da zai ɗora shi a kai. Bai samu ba, domin na kwashe su. Ya ƙara shigowa, yana lalube a cikin iska.

Na cafke shi.

Ƙunshin ya faɗi. Hannun ya fizga, na haɗa da ɗaya hannuna na riƙe. Fatarsa a tattare take, santsi-santsi, kamar wadda wuta ta taɓa ci ta warke. Yatsu biyu a manne suke da juna.

"Umma."

Fizgar ta tsaya.

"Umma, ni ce."

Sai na ji yatsun suna motsi a cikin nawa. Suka bi tafin hannuna, suka bi bayansa, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Baba yake laluben maɓalli.

"Hannunki ya girma," ta ce.

Ba a kaset ba. Ta cikin ramin bango, da iskar bakinta.

"Ki tsaya. Don Allah ki tsaya, zan zagayo."

"Kada ki zagayo."

"Umma..."

"Yadda kika san ni, ki bar ni a haka. Ba ni da fuskar da kike tunawa."

Na juya na dubi Shugaba.

"Ranki ya daɗe, ki riƙe mini ita. Ko ki fita ki tare lungun. Ban taɓa roƙon kowa ba, yau ina roƙonki."

Hawaye yana bin fuskarta, amma ta girgiza kai.

"Na yi mata alkawari."

Daga inda nake zuwa lungun, sai na fita ɗakin ajiya, na ratsa zauren karatu, na bi ƙofar gaba, na zagaye katanga. Lungun kuwa bakinsa a titi yake. Idan na sake ta na ruga, kafin in isa ta ɓace. Idan na ci gaba da riƙo, hannu kawai nake da shi, da bango a tsakaninmu.

Tafin hannuna ya jiƙe da gumi.

"Sake ni, 'yata," ta ce a hankali.

"Ba zan sake ba."

Yatsunta suka fara zamewa.